Yadda Ake Auna Ratar Fistin Kafin A Haɗa Injin Turbo

Darasin yau ya ɗan bar waya da kwamfuta ya leƙa gareji, amma bai yi nisa ba, domin lissafi ne zalla, kuma wayar da ke hannunka tana da aikin yi a ciki.

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon samarin da ke kwance injin mota, su ɗora masa ƙaton turbo, cikin minti ɗaya sai ga mota tana ruri tana tofar da wuta ta salansa. Abin da suke yankewa shi ne awoyin da aka ɓata ana aune-aune, saboda ba shi da daɗin kallo. Alhali a nan ne ake sanin ko injin zai yi shekaru, ko kuma zai buga a makon farko. Fistin ɗin da ake sa wa irin wannan injin da dala ake sayo su daga waje, kuma kuskuren awo ba ya nuna kansa sai an haɗa komai an hau titi.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Rata da sanyi ake auna ta, amma saboda zafi ake barinta. Duk lambar da za ka gani a ƙasa tana amsa tambaya guda ce: idan wannan ƙarfen ya yi zafi ya buɗe, ina zai je?

Don kada mu yi magana a iska, za mu yi misali da injin 1.8T na kamfanin Volkswagen, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1990, kuma ake samunsa a Audi A4 da Passat da Golf 4. Silinda huɗu gare shi, faɗin kowace milimita 81, bulok ɗinsa na ƙarfen zubi ne, kowace silinda tana da bawul biyar, uku na shigar iska, biyu na fitar hayaƙi. Da turbo ɗinsa ya fito daga kamfani, wanda aka fi gani yana ba da ƙarfin doki 150. Masu son ƙari sukan yanke silindar zuwa milimita 81.5 su saka sababbin fistin, da wannan lambar za mu yi wasu lissafan.

Me ya sa ake barin rata

Fistin na alminiyam ne, silinda kuwa a wannan injin ƙarfe ce. Idan aka ɗumama su, alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke buɗewa. A duk digiri ɗaya na zafi, kowace milimita ta alminiyam ɗin fistin tana ƙaruwa da kimanin 0.000022, ta ƙarfen zubi kuma da kimanin 0.000011. Lambobin kamar ba komai ba, amma ɗauko kalkuleta.

A ce gindin fistin, wanda ake kira siket, ya ƙara zafi da digiri 100. To 81 sau 0.000022 sau 100 ya ba mu milimita 0.178. Bangon silinda yana da ruwan lagireto a bayansa, a ce shi ya ƙara digiri 80 kawai: 81 sau 0.000011 sau 80, milimita 0.071 ke nan. Fistin ya fi silinda girma da kusan milimita 0.11. Wannan lissafin allo ne, ainihin injin ya fi haka rikitarwa, amma ya nuna maka girman abin da muke magana a kai. Takardar A4 guda ɗaya kaurinta kusan milimita 0.1 ne. Gashin kai bai ma kai haka ba.

Idan ba a bar wannan wurin ba, fistin zai cika silinda, ya kore siririn baƙin man da ke tsakaninsu, alminiyam ya fara gogar ƙarfe kai tsaye. Gugar tana ƙara zafi, zafin yana ƙara kumbura fistin, haka abin zai yi ta cin kansa har ya cije. Wayarka idan ta ɗauki zafi kana buga gem, da kanta take rage gudun furosesa don ta huce. Kwamfutar mota ma tana iya ja da baya idan ta ji injin yana ƙwanƙwasa, amma ba ta da wata na'ura da ke gaya mata cewa siket ya fara taɓa bango.

Turbo yana shigowa ne ta nan. Aikinsa cusa iska a silinda da ƙarfi. Matsi na ba ɗaya, wato abin da agogon turbo ke nunawa 1.0, yana nufin matsin da ke shiga ya kusa ninka na iskar waje. Iska ta ƙaru, fetur ya ƙaru, wutar da ke ci a kan fistin ta ƙaru. Ratar da ta ishi injin kamar yadda ya fito daga kamfani ba lallai ta ishe shi ba bayan an ƙara masa matsi.

Fistin na zubi da fistin na ƙira

Wanda ya taɓa ganin masu zubin tukwanen alminiyam, da kuma maƙeri yana dukan jan ƙarfe a kan uwar maƙera, ya riga ya san bambancin. Akwai fistin da ake narka alminiyam a zuba a mazubi, akwai kuma wanda ake matse dunƙulen alminiyam mai zafi da babban injin har ya ɗauki siffa. Na ƙira ya fi jure duka, shi ya sa masu turbo ke nemansa.

Abin da ya fi shafar rata shi ne yawan silikon da ke cikin haɗin. Silikon yana rage buɗewar alminiyam. Haɗin da ake kira 4032 yana da silikon kusan kashi 12 cikin ɗari, ba ya buɗewa sosai. Haɗin 2618 kusan babu silikon a cikinsa, ya fi lanƙwasa kafin ya tsage, amma ya fi buɗewa da zafi. Saboda haka a silinda mai faɗi irin namu, na zubi yakan zauna a ratar milimita 0.02 zuwa 0.04, na 4032 wajen 0.05 zuwa 0.07, na 2618 kuma wajen 0.09 zuwa 0.11. Waɗannan don ka gane yanayin ne. Lambar da za ka yi aiki da ita tana kan takardar da ta zo cikin kwalin fistin ɗinka, kuma idan ta saɓa da nawa, ta takarda za ka bi. Ni a ganina motar da za a riƙa zuwa aiki da ita kullum, da matsin turbo matsakaici, 4032 ya ishe ta. Mutane da yawa suna sayen 2618 ne don sun ji shi masu tsere ke sawa.

Awon fistin da silinda

Kayan aiki biyu ne ba makawa: maikromita mai auna daga milimita 75 zuwa 100, da ma'aunin ciki mai agogo, wanda ake zura shi cikin silinda. Kalifa mai lambobi da ake sayarwa da araha ba ta isa ba, kuskurenta kaɗai yana iya kai milimita 0.02 ko 0.03, wato sulusin abin da kake nema. Manhajojin awo da kyamara kuwa, irin na auna tebur ko ɗaki, kada ma ka fara.

Fistin ba zagayayye ba ne kamar gwangwanin madara. Samansa an rage shi, domin can ne wuta ke bugawa, zafin yana iya kai digiri 300, a nan alminiyam zai buɗe da kusan rabin milimita. Siket ɗin kuma an yi shi da ɗan siffar ƙwai. Saboda haka wuri ɗaya tak ake aunawa: a kan siket, a gicciye da ramin fil ɗin da ke riƙe sandar fistin, a tsayin da kamfani ya faɗa a takarda. Ka hau sama kaɗan ko ka sauka ƙasa kaɗan, lamba ta canja. Ka murɗa maikromita da ɗan kan nan mai ƙaras-ƙaras, kada ka matse da ƙarfin hannu, ka maimaita sau uku. Sannan ka rubuta 1, 2, 3, 4 da maka a cikin kowane fistin, don ko daga kwali ɗaya suka fito akan samu ɗan bambanci.

Daga nan sai ka kulle maikromita a kan lambar fistin na ɗaya, ka saka ma'aunin ciki tsakanin bakinsa, ka juya agogon ya tsaya a sifili. Idan ka zura shi a silinda ta ɗaya, duk abin da allura ta nuna shi ne ratar kai tsaye, ba sai ka ɗebe komai daga komai ba. Ka riƙa kaɗa ma'aunin gaba da baya a hankali, wurin da allura ta juyo shi ne awon gaskiya. Kowace silinda a auna ta sama da tsakiya da ƙasa, kowane wuri ta fuska biyu, layin karanshaf da gicciyensa. Awo shida ke nan a silinda guda, 24 a injin gaba ɗaya. Bambancin sama da ƙasa yana gaya maka ko silindar ta tsuke, bambancin fuskokin biyu kuma ko ta zama ƙwai.

Tsarin aikin ma yana da muhimmanci: fistin ake fara saye, sannan a yanka bulok a kansu. Idan fistin na ɗaya ya nuna 81.408 kuma takarda ta ce 0.090, silinda ta ɗaya za ta ƙare a 81.498. Ka kai wa mai yankan bulok fistin ɗin da takardar tare. Ba sai ka nuna masa ka fi shi sani ba, mutumin da ya shekara ashirin a kan injin ba ya son haka, kuma yana da gaskiya. Ya isa ka ce, Oga, waɗannan na ƙira ne, ga ratar da kamfaninsu ya rubuta, don Allah kowace silinda a yi ta a kan nata fistin. Idan yana da farantin ƙarfen nan mai kauri da ake ɗaurewa a saman bulok lokacin gogewa, a yi amfani da shi, saboda notocin kan injin idan an ɗaure su suna ɗan murɗa silinda, gara a goge ta tana cikin wannan halin.

Zafin garinmu yana shiga awo

Wannan ɓangaren ba za ka ji shi a bidiyon Turawa ba. Ma'aunin da duniya ta yarda da shi na auna ƙarfe digiri 20 ne, a kansa kamfanoni ke rubuta lambobinsu. Gareji a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu yana kai digiri 40. A wannan zafin fistin ya riga ya buɗe fiye da bulok, ratar da za ka karanta za ta gaza ta gaskiya da kimanin milimita 0.018. Ka goge har agogo ya nuna 0.090, a ma'aunin kamfani ka yi kusan 0.108.

Wannan ma da sauƙi, tunda ɓangaren sakewa ya karkata. Mai haɗarin shi ne a auna abu biyu masu zafi daban. Bulok ɗin da aka sauke yanzu daga injin gogewa yana da ɗumi, idan ya fi fistin da digiri 15, silinda za ta nuna ta fi girmanta da milimita 0.013, ta huce ta matse. Fistin da aka bari a rana kan benci kuwa yana iya ƙaruwa da 0.036. An ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, to a nan dai a bari ya huce. Bulok da fistin da maikromita su kwana ɗaki ɗaya, a yi awon da sassafe, kuma kada a daɗe ana riƙe da fistin a tafin hannu.

Sai maganar inci. Yawancin kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan fistin, kamar JE da Wiseco da CP, na Amurka ne, da inci suke rubutu. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka 0.0035 na inci shi ne milimita 0.089. Wanda ya ga 0.0035 ya ɗauka 0.035 ne na milimita ya bar ƙasa da rabin abin da ake buƙata. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan ciwon. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana fitar da lamba a ma'aunin Amurka, wata tana karɓa a matsayin na mita. Kowace lamba ka rubuta, ka rubuta ma'auninta a gefe.

Bakin ringi, inda turbo ya fi yin ɓarna

Ringi zobe ne da aka yanke a wuri ɗaya, kuma yankan da gangan ne. Zoben sama yana zaune dab da wuta. Kewayensa a silinda mai 81.5 kusan milimita 256 ne, saboda haka idan ya fi bango zafi da digiri 100 tsawonsa zai ƙaru da kusan 0.28, idan da digiri 150 ne kuma 0.42. Duk wannan ƙarin a bakin yankan yake taruwa. Da zarar bakin biyu sun haɗu, zoben ba shi da wurin zuwa sai ya tokare bango, ya kama, fistin kuma yana ci gaba da tafiya. Abin da ke karyewa shi ne siririn dandamalin alminiyam da ke riƙe da zoben. Ana iya yin wata uku lafiya lau, sai ranar da aka taka mota a doguwar hanya da rana tsaka.

Kamfanoni suna ba da ratar a matsayin kaza na inci a kan kowane inci na faɗin silinda. Ga wata dabara: tunda inci ne a kan inci, lambar ba ta da ma'auni, kana iya ninka ta da milimita kai tsaye. Injin da ba turbo akan ba zoben samansa 0.0045, wato 81.5 sau 0.0045, milimita 0.37. Ka koma lissafin sama, za ka ga bambancin zafi na digiri 130 ya rufe wannan. Turbo matsakaici akan ba shi 0.0050 a sama, milimita 0.41, zobe na biyu kuma 0.0055, milimita 0.45. Matsi mai yawa yana kai 0.006 ko fiye. Na biyun ya fi na sama faɗi ne don iskar da ta sulale ta wuce zoben farko ta samu hanyar fita. Idan ta maƙale a tsakaninsu tana ɗaga na saman daga mazauninsa, ya daina toshewa. Siraran zobban mai na ƙasa ba a cika taɓa su ba, a dai tabbatar sun kai milimita 0.38.

Wajen awo, ka saka zoben shi kaɗai a silinda, ka tura shi da kan fistin a kife kamar milimita 25 don ya zauna daidai, sannan ka gwada bakin da fila geji. Kowane zobe a silindar da zai zauna za a auna shi, saboda ƙarin milimita 0.01 a faɗin silinda yana buɗe bakin zobe da 0.03. Idan ya yi kaɗan sai a ci bakin da magagari mai laushi, gefe ɗaya kawai, daga waje zuwa ciki don kada rufin da ke fuskar zoben ya ɓantare, bakin kuma ya tsaya a miƙe. Ci kaɗan, koma ka auna. Zobe na biyu yakan fi na sama laushi, hannun da ya saba da na sama yana iya zarcewa a kansa, garin gyaran gira a rasa ido. In dai dole sai an karkata, gara a karkata wajen faɗi: baki mai ɗan faɗi iska kaɗan zai zubar, matsattse kuwa fistin zai ci.

Saman fistin

Saura rata biyu a sama. Ta farko tsakanin fistin da kan injin. Ka kawo fistin ƙarshen hawansa, ka auna ko ya nutse ƙasa da fuskar bulok ko ya leƙo, a daidai layin fil, don ta ɗaya fuskar yana rangaji. Ka haɗa da kaurin gasket bayan an matse shi. Da sandar ƙarfe, abin da aka saba nema wajen milimita ɗaya ne, saboda a babban gudu sandar tana ɗan miƙewa. Bulok ko kan injin da aka taɓa yi wa aski ya riga ya cinye wani abu daga ciki.

Ta biyu tsakanin fistin da bawul, musamman in an canja kamshaf. Ana yin ta da laƙar wasan yara. A manna ta a guraben bawul da ke kan fistin, a shafa wa bawul ɗan mai kada ta like, a ɗora kan injin da gasket, a saka bel ɗin taimin daidai, a juya karanshaf da hannu zagaye biyu cikakku. Ka ji ya tokare, ka tsaya, kada ka danna. Sai a buɗe, a yanka laƙar da reza, a auna inda ta fi siranta. Abin da aka saba nema aƙalla milimita 2 a bawul ɗin iska, 2.5 a na hayaƙi, tunda shi ya fi zafi ya fi miƙewa. A kula, 1.8T yana da tafet masu aiki da matsin mai, idan babu mai a cikinsu suna lotsawa, bawul ba zai buɗe sosai ba, laƙa ta yi maka ƙaryar cewa akwai wuri. Masu aikin sukan saka daskararrun tafet na gwaji. Kana juyawar kuma ka leƙa ta ƙasa ka ga siket bai taɓa ƙananan bututun da ke fesa wa fistin mai ba.

Duk waɗannan lambobin sun fi hamsin, kai ba zai riƙe su ba. Buɗe Google Sheets a waya, layi huɗu na silinda huɗu, ginshiƙi na fistin, shida na silinda, na zobba, da ɗaya na zafin ɗakin lokacin awo. Ka sa ɗaki ya zama ja idan lamba ta fita daga iyakar takarda, ka kuma ɗauki hoton agogon a kowane awo. Ran da injin ya fara shan mai bayan shekara biyu, wannan fayil ɗin ne zai nuna ko daga haɗi ne ko daga baya abin ya faru.

Ranar tayarwa ta farko, injin mai fistin 2618 zai yi wata ƙara kaf-kaf-kaf da sanyi, kamar ƙaramin injin dizal. Siket ne ke bugun bango saboda bai cika wurinsa ba tukuna, kuma ƙarar takan lafa cikin 'yan mintuna. Ka haɗa ƙaramar na'urar ELM327 a soket ɗin OBD, ka buɗe manhajar Torque, ka jira ruwan injin ya kai wajen digiri 90, ka ƙara wasu mintuna saboda baƙin mai ya fi ruwa jinkirin ɗumama, kafin ka bari turbo ya cika. Idan injin ya yi zafi sosai ƙarar ba ta tafi ba, a kashe shi a koma kan fayil ɗin awo.